Ranar da na riƙe hannun Iya mai daddawa

Shekarun baya can, ina aji shida na lakwal, wato makarantar boko, a Madarumfa, na taɓa yin wani shiru na kwana biyu wanda har yau bai gama da ni ba. Abin da ya tono mini shi, shekaranjiya ƴaƴana suna kwance a tabarma suna kallon fim ɗin zane a salula, irin wanda ake zana dabbobi suna magana kamar mutane, sai ƙaramar ta ɗago kai ta ce, "Mama, don me kike tashi duk lokacin da muka kunna?" Na ce mata miya zan duba. Miyar kuwa tun ɗazu na sauke ta. To ku da kuke bibiyata a nan, bari in ba ku amsar da na kasa ba ta.

Gidanmu yana gangaren da ke bi zuwa tabki. Mahaifina manomi ne, da damina yana gona, da rani yana garka, wato lambu, a bakin ruwa. Mahaifiyata mace ce mai sanyin hali, ba ta iya musu ba. Sai goggona, yayar mahaifina, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, kuma tun ranar da ta ajiye kayanta ta zama mai faɗa a ji. Sai ni mai shekara goma sha biyu, da ƙanwata auta mai shekara huɗu, wadda ke manne da zanena kamar ƙarangiya. Duk inda aka aike ni, da ita nake tafiya.

A bayan layinmu akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya mai daddawa. Ba ƴar asalin garin ba ce, aure ya kawo ta, mijin ya rasu, ɗanta guda kuma yana zaune a Gabi. An taɓa yi mata aikin ido aka ba ta wani madubin ido mai kauri kamar gindin kwalba, in ta dube ka ta cikinsa sai ka ga idanun sun cika mata fuska. Sannan a bayan ɗakinta akwai tsohuwar tsamiya mai kogo, kuma kowa ya san mujiya na zaune a kogon. Baƙuwa, mai zama ita kaɗai, mai manyan idanu, ga mujiya a bayan ɗaki. A garinmu wannan ya isa. Ba wanda ya taɓa ce mata mayya a gaban idonta, amma in ta wuce sai ka ga uwa ta jawo ɗanta jikinta tana tofa masa addu'a. Abin dariyar, duk wannan tsoron bai hana kowa sayen daddawarta ba, don ba mai yin irinta. Ni ake aika da dala biyu. Kullum sai ta ƙara mini gyara, ta ce, "Ɗiyata ta lakwal, mi anka koya muku yau?"

Gidan da ke jikin katangarmu kuwa na majo ne, wato babban malamin asibitin garin. Kiristoci ne, aiki ya kawo su daga Maraɗi. Ɗiyarsa ƙawata ce, benci ɗaya muke zama a aji. Mahaifina da majo suna gaisawa da fara'a, da Sallah mukan miƙa musu nama ta kan katanga, su ma da bikinsu su miƙo shinkafa, wadda Goggo ke juye wa kaji in ta ga ba mai kallonta. Amma akwai doka: gaisuwa a ƙofa, ban da shiga. An taɓa kama ni sau ɗaya a tsakar gidansu muna aikin lissafi. Mahaifina bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Cewa ya yi, "In ƙahwarki ta sake taka gidan nan, ke da lakwal sai a mahwarki. Garka na neman mai ban ruwa." Shi kuwa ba ya magana biyu. Ni kuma a shekarar nan ba abin da nake so a duniya irin in ci jarrabawa in shiga kwaleji.

A gidan majo kaɗai ake da tele da bidiyo a unguwarmu, da wani ɗan gurup, injin ba da wuta mai ƙara, da ake tayarwa in za a kunna. Wata Asabar da kaka, mahaifina ya ɗora buhunan wake a mota ya nufi Ɗan Issa, daga can zai tsallaka Najeriya, sai ya yi kusan mako. Bayan azahar aka aike ni niƙa, auta na biye da ni. Ƙawata ta leƙo ta zaure ta ce an kawo sabon kaset daga Maraɗi, na tsuntsaye masu magana. Na ɗaure fuska na ce a'a, ni an hana ni. Na yi taku kamar goma, na ji gurup ya tashi. Ban san lokacin da na juyo ba, sai ganina na yi zaune a ɗakinsu da kwanon gero a cinya.

Labarin na wasu tsuntsaye ne da ke zaune a kan wata babbar bishiya. A kogon bishiyar akwai tsohuwar mujiya, an zana ta da madubin ido da ɗan mayafi a kafaɗa. Ƙwai suka riƙa ɓata a sheƙuna, tsuntsaye suka ce ita ce, don ba ta barci lokacin da kowa ke barci, kuma idanunta sun yi girma. Rannan aka yi iska mai ƙarfi, wani ɗan tsako ya faɗo daga sheƙa, mujiya ta sauko ta sure shi, ta kai shi kogonta ta rufe shi da mayafin don kada sanyi ya kashe shi. Tsuntsaye suka gani suka ce ga ɓarauniya an kama, suka taru za su kore ta. Sai can aka gano maciji ne ke shanye ƙwan, kuma tsaron mujiya ne ya hana shi ƙarar da su tuntuni. Suka ba ta haƙuri, ta ci gaba da zama a kogonta.

Da Faransanci aka yi fim ɗin, ni na ji daidai gwargwado, na kuma sha kuka. Ina share hawaye da gefen kallabi ina cewa a zuciyata, kai, tsuntsayen nan azzalumai ne, da ni ce a wurin da na tsaya mata. Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku ga inda ta ƙare.

Auta kuwa ba ta jin Faransanci, ba ta ma taɓa ganin tele ba. Abin da ta gani kawai shi ne mujiya mai manyan idanu ta sauko ta sure yaro. Daga nan ta cusa kanta cikin zanena tana rawar jiki, ba ta sake ɗagowa ba har aka kashe. Da muka fito na saya mata alewa, na durƙusa a gabanta na ce, "In kinka hwaɗa wa kowa mun shiga gidan nan, Baba zai hidda ni lakwal, kuma ba ni ƙara tahiya da ke ko'ina." Ta gyaɗa kai. Muka bi ta ƙofar Iya zuwa injin niƙa, don nan ce hanyar. Iya na zaune tana tsince kalwa, ta shafa kan auta, ta ba ta ƙuli-ƙuli guda.

Ran Litinin zazzaɓi ya kama auta. Lokacin sauro ne, tabki ya cika, kusan kowane gida da mai kwanciya, don haka ba a ɗauke shi da zafi ba. Aka jiƙa mata saiwa, aka shafe ta da ruwan ganye. Ran Talata da hantsi jikinta ya yi zafin da in ka ɗora hannu sai ka janye. Idanunta a buɗe amma ba mu take gani ba. Ina zaune a bakin gado ina yi mata fifita, mahaifiyata da Goggo na tsaye, sai ta fara magana.

"Mujiya... mujiya mai madubi... ga ta nan ta zo ɗaukata. Ta ruhe ni da mayahi. Yaya, ki hana ta!"

Mafici ya faɗi daga hannuna. Na san mujiyar. Na san mayafin, har launinsa na sani.

Goggo ta dafe ƙirji ta yi salati. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Ɗiya ƴar shekara huɗu ta san ƙarya? Wa ke da madubi a unguwar ga? Wa ke da mujiya bayan ɗaki?"

Mahaifiyata ta ce a hankali, "Yaya, ko mu miƙa ta wajen majo ya duba?"

"Ki kai ta a yi mata allura ki kashe ɗiyarki da hannunki," in ji Goggo. "Ciwon maita ba shi son allura. Kurwarta anka kama."

Sannan ta juyo kaina. Goggo kuwa in ta kafe ka da ido sai ka ji kamar ta karanta abin da ke cikinka.

"Ke, ran Asabar da kunka tahi niƙa, ina kunka biya?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma biyar ta isa. Na buɗe baki, sai garka ta faɗo mini a rai, da gwangwanin ban ruwa, da bencina a aji wata na zaune a kai.

Na ce, "Ba mu biya ko'ina ba."

"Ba ku bi ta ƙohwar mai daddawa ba?"

"Mun bi."

"Ta taɓa ta?"

"Ta shahwa mata kai. Ta ba ta ƙuli."

Mahaifiyata ta zauna a ƙasa daɓas. Ni da na yi kuka don mujiyar zane, ni na ba da shaidar da aka rasa.

Ga waɗanda ba su taso a irin wurarenmu ba, bari in faɗi yadda ake yi. In aka ce maye ya kama kurwar mutum, kuma mai ciwo ya nuna shi a cikin zafin ciwo, sai a kirawo wanda ake zargin a sa shi ya tsallake mai ciwon sau uku, wai don ya saki kurwar. Mugun abin da ke ciki, ko a lokacin ina yarinya na gane shi. In ka ƙi tsallakewa, an ce ka ƙi saki. In ka tsallake mai ciwo ya warke, an ce ga shi nan ka saki, ashe kai ne. In ya mutu, an ce ka riga ka cinye. Daga ranar da ƙafarka ta ɗaga, sunan ya zauna maka, ya zauna wa ƴaƴanka da jikokinka.

Kafin la'asar zancen ya gama unguwa. Aka ce gobe da safe za a kirawo Iya.

Wunin nan ban san yadda na yi shi ba. Aka aike ni ɗebo ruwa, na tsaya a bakin rijiya ina ta juye guga har tulu ya cika ya yi ta zuba. Duk wanda ya dube ni sai in sha jinin jikina. Na yi ta lallashin kaina: wataƙila zazzaɓin ya sauka kafin gobe, wataƙila Iya ta ƙi zuwa, wataƙila mahaifina ya dawo ya hana. Na yi wa Allah alkawura iri-iri, har da na azumin da ban isa yi ba. Abu ɗaya ne ban yi ba, shi ne wanda ya kamata.

A hanyar dawowa ƙawata ta tare ni a lungu. Ta ji abin da ake faɗa. Ta ce, "Ai mujiyar kaset ce! Ki hwaɗa musu mana. Ko in gaya wa babana?"

Na riƙe mata riga na ce, "In kinka hwaɗa, ni da ke har abada." Ta dube ni, ta cire hannuna daga rigarta, ta shige gida.

Ran Laraba da hantsi tsakar gidanmu ya cika da mata, yara sun hau katanga. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki aka kwantar da auta, leɓɓanta sun bushe, numfashi sama-sama. Na zaci za a jawo Iya ne da ƙarfi. Da ƙafarta ta zo, da sandarta, ta yi sallama kamar mai zuwa barka. Ba wadda ta amsa sai mahaifiyata, ita ma can ƙasa-ƙasa.

Iya ta tsaya ta dubi auta, ta dubi mahaifiyata. Ta ce, "Ɗiyata, Allah shina gani ban san komi a kai ba. Amma in tsallakewata za ta sa hankalinki shi kwanta, zan tsallake. Ni ma na taɓa zama gaban ɗa marar lahiya."

Goggo ta ce, "A tuɓe takalmi. A hidda madubin nan, da shi taka kamu."

Iya ta cire takalmanta. Ta ajiye sanda. Ta cire madubin ta riƙe a hannu, wata ta karɓe da bakin zane kamar mai ɗaukar garwashi. Ranar na fara ganin idanunta ba madubi. Ƙanana ne, jajaye, suna ta ƙifce-ƙifce a rana. Ta miƙa hannu gaba tana laluben iska.

Ta ce, "To ba ni gani hwa. Wani shi riƙe mini hannu, kada in taka yarinya."

Ba wadda ta motsa. Mata sun fi ashirin a gidan nan, kowacce ta ci miyar daddawarta, kowacce ta ɓoye hannu a mayafi. Iya ta juya kai gefe da gefe, ta ce, "Ina ɗiyata ta lakwal? Zo ki riƙe ni."

Na je. Ƙafafuna suka kai ni. Ta kama hannuna na dama, tafinta da kaushi, da sanyi. Ta jingina nauyinta a kaina ta ɗaga ƙafa ta tsallake ƙanwata. Muka zagayo. Ta sake tsallakewa. A na ukun ƙafarta ta kusa sarƙewa da gefen tabarma, ta matse mini yatsu har na ji zafi, ta ce a hankali, ni kaɗai na ji, "Yi sannu, ɗiyata, kada ki ji tsoro." Ita ke ba ni haƙuri.

Aka mayar mata da madubinta. Ta sa takalmi, ta ɗauki sanda, ta ce Allah ya ba da lafiya, ta fita. Yaran kan katanga suka watse da gudu suna ihu.

Bayan azahar auta ta sandare. Idanu suka juye, haƙora suka datse, kumfa a baki. Mahaifiyata ta ƙwalla ƙara. Goggo na cewa a sake kirawo tsohuwar, ba ta saki duka ba. Nan ne abin ya ɓalle mini. Ba jarumta ba ce, kada ku ba ni ladan da ban yi aikinsa ba. Na ga ƙanwata za ta mutu ne, na kuma ga za a sake jawo Iya. Na faɗi ƙasa ina kuka ina faɗa a jere: gidan majo, kaset, mujiya mai madubi, mayafi, alewar da na saya don in rufe bakin auta.

Mahaifiyata ta dube ni wani irin kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Tun jiya kin sani?"

"Na sani."

"Kuma kinka riƙe mata hannu?"

Ba ta jira amsa ba. Ta sunkuci auta ta saɓa a kafaɗa, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Goggo ta tare ƙofa, mahaifiyata da ba ta iya musu ba ta ce, "Yaya, kauce." Goggo ta kauce. Mahaifiyata ta shiga ƙofar nan da aka hana mu shiga, ta tarar majo ya dawo cin abinci. Ya ture kwanon, ya karɓi yarinyar, suka yi asibiti da gudu ina bin su a baya. Zazzaɓin sauro ne ya hau mata kai. Aka yi allura, aka ɗaura ƙarin ruwa. Majo ya ce da an ƙara wuni ɗaya, da sai dai haƙuri. Bayan kwana uku auta ta buɗe ido ta ce tana son fura.

Na yi zaton shi ke nan, gaskiya ta fito, komai zai koma yadda yake. Yarinta kenan. Kafin mu dawo daga asibiti an riga an gama shari'a a unguwa: an tsallake ran Laraba, yarinya ta tashi ran Asabar. Allura kuwa, ai ba ta yi aiki ba sai da aka saki kurwa.

Mahaifina ya dawo ya tarar da zancen. Na durƙusa a gabansa ina jiran a ce in kawo littattafaina. Sai ya ce, "Lakwal za ki ci gaba da zuwa. Rabin laihin nawa ne, ni na sa miki tsoron da ya hi na Allah." Ashe abin da na sayar da Iya don in tsira da shi, ba ma a taɓa shi ba. Ya kama hannuna ya kai ni gidanta, ya durƙusa a gabanta yana babban mutum, ya sa na faɗi komai da bakina. Iya na zaune gaban tabarmar daddawa, ba a taɓa ko ƙwallo ɗaya ba tun safe. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Auta ta tashi? To alhamdu lillahi. Tashi, malam, ƙasa da sanyi."

Mahaifina bai tsaya nan ba. Ya yi magana a ƙofar masallaci. Ya roƙi majo ya fito da tele tsakar gida wata Juma'a da la'asar, aka tayar da gurup, aka kira matan unguwa su gani da idonsu. Shi da ya kafa dokar, shi ya fara shiga. Mata suka zauna a ɗarare, kowacce na tattare zanenta. Da mujiya ta bayyana da madubinta da mayafinta, Goggo ta miƙe tsaye ta nuna tele da yatsa.

"La'ilaha illallahu! Ita ce wallahi! Har cikin akwatin Nasara ta shiga!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka yi salati, fiye da rabi suka bi Goggo waje tun kafin a kai wurin macijin. Yanzu in na tuna nakan yi dariya ni ma, amma ranar kuka na yi.

Daga nan daddawar Iya ta daina fita. Gida biyu kaɗai suka ci gaba da saye, namu da na majo, kuma a namu sai mahaifiyata ta ɓoye wa Goggo inda aka samo. Mata suka daina zama kusa da ita a wurin suna. Wani ya je ya cusa wuta a kogon tsamiyar. Kafin damina ta zagayo, ɗanta ya zo daga Gabi da amalanken jaki ya ce ba zai bar uwarsa a haka ba.

Ranar tafiyar na je taya ta ɗaure kaya. Ba su da yawa: tukwanen dafa kalwa biyu, tabarma, akwatin ƙarfe. Ba wanda ya zo sallama sai mahaifiyata da matar majo. Da aka gama ɗorawa, Iya ta kira ni, ta dube ni ta cikin madubin nan da manyan idanunta.

"Ɗiyata ta lakwal, ni ba a kira ni kallon ba. Wai wannan mujiyar taku ta cikin tele, daga ƙarshe mi anka yi da ita?"

Na ce, "An gano ba ita ba ce, Iya. Maciji ne."

"Sun bar ta ta zauna gidanta?"

"Sun bar ta. Har haƙuri sunka ba ta."

Ta yi ɗan murmushi ta gyara mayafinta. Ta ce, "To, ai shi ya sa anka ce da shi wasa." Ta miƙo mini hannu na taimaka mata ta hau amalanke. Shi ne riƙo na biyu, kuma na ƙarshe. Bayan ƴan shekaru muka ji rasuwarta a Gabi.

Na ci jarrabawar, na shiga kwaleji, yau ni ma malamar lakwal ce. Auta na nan da ƴaƴanta huɗu, ba ta tuna komai, in na ba ta labarin sai ta ce ni ce mai ƙari. Ni da ƙawata mun shirya, ko da yake ta ɗauki wata guda ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Goggo ta rasu tana nan a kan bakanta, ban kuma riƙe ta a zuciya ba, don ita da gaske ta yarda da abin da take faɗa, tana ganin ceton auta take yi. A duk tsakar gidan nan mutum ɗaya ne ya san gaskiya, ni ce.

Mutane kan ce irin finafinan nan suna koya wa yara kada su yanke wa wani hukunci don kamanninsa. Ban musa ba. Ni ma na koyi darasin tsaf a ranar Asabar, har da hawaye. Ran Laraba aka yi mini jarrabawa na faɗi. Tausayin mujiyar zane ba ya cin komai, ba wanda zai fidda ka lakwal a kansa. Shi ya sa har yau in aka kai wurin da tsuntsaye ko dabbobi suka taru suna ba da haƙuri, ana kiɗa ana murna, sai in tashi in duba miyar da na riga na sauke.

Abu ɗaya ya rage mini daga wannan shekarar. Ko a wurin biki, ko a ɗakin malamai, in na ji an rage murya an ce, "Kin san wance kuwa? An ce...", sai hannuna na dama ya yi sanyi, daidai inda yatsunta suka matse. Ba na bari a kai ƙarshen zancen, nakan tambaya wa ya gani, kuma an sha ce mini mai katsalandan. Su ba su san nauyin tsohuwa ba in ta jingina da kai tana tsallake yarinya. Ni na sani, sau uku na ɗauke shi.